Yadda tsufan na'urori ke barazana ga bayanan da aka adana

A shekarar 1086 ne aka gudanar da wata gagarumar ƙidaya a Ingila bisa umurnin Sarki William, inda aka bi ƙasar gunduma-gunduma ana rubuta gonaki da dabbobi da sunayen masu su, domin sarkin ya san abin da ya kamata ya shiga baitulmalinsa.

An rubuta sakamakon ne da tawada a kan fatun tumaki, cikin harshen Latin. Kundin, wanda ake kira Domesday, yana nan har yau a cibiyar adana kayan tarihi ta Birtaniya da ke Kew, a yammacin birnin Landan, kuma duk wanda ya iya Latin zai iya karanta shi.

Da kundin ya cika shekaru 900 a 1986, sai BBC ta shirya irinsa na zamani. An kasa taswirar Birtaniya zuwa dubban ƙananan yankuna, aka nemi 'yan makaranta da sauran jama'a su rubuta yadda rayuwa take a unguwanninsu, su kuma ɗauko hotuna. Mutane fiye da miliyan guda ne suka sa hannu a aikin, akasarinsu yara.

An zuba komai a kan wasu manyan faya-fayai guda biyu da ake karantawa da hasken leza, waɗanda a lokacin ake ganin ba su da na biyu. Sai dai kafin a buɗe su dole a sami kwamfuta ta musamman ƙirar kamfanin Acorn, da kuma na'urar juya faifai ƙirar Philips. Kuɗin kayan ya kai wajen fam 5,000, saboda haka ba su samu kasuwa ba, kuma ba da jimawa ba aka daina ƙera su.

Ya zuwa shekarar 2002, wato shekaru 16 kacal bayan kammala aikin, na'urorin da suka rage masu aiki ba su taka kara sun karya ba. Faya-fayan ba su lalace ba, abin da za a karanta su da shi ne ya ɓace.

Sai da masana daga jami'o'in Leeds a Ingila da Michigan a Amurka suka haɗa gwiwa suka rubuta wata manhaja da ke sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar, sannan aka sake ganin abin da ke ciki. A 2011 ne aka sa wani ɓangare na aikin a intanet.

Tun daga lokacin, masu adana kayan tarihi kan kawo wannan labari a duk sa'adda suke son nuna bambancin da ke tsakanin rubutun takarda da bayanan kwamfuta.

Ina matsalar take?

Rubutun da ke kan takarda ko allo ba ya buƙatar komai illa ido da sanin harshen. Bayanin da ke cikin kwamfuta kuwa jerin lambobi ne, sifili da ɗaya, waɗanda ido ba ya gani.

Kafin su koma hoto ko murya ko rubutu, sai abin da aka ajiye su a kai ya kasance da lafiyarsa, sai an sami na'urar da za ta karanta shi, da wayar da za ta haɗa na'urar da kwamfuta, da kuma manhajar da ta san yadda aka jera lambobin. Ko ɗaya aka rasa a cikinsu, sauran ba su da amfani.

Dukkansu kuwa kayan kasuwa ne. Ranar da ciniki ya ja baya, kamfani zai rufe masana'anta ya koma ga wani sabon abu, ba tare da tambayar wa ke da ajiya a kan tsohon ba.

Faifan fulofi misali ne da mutane da yawa za su tuna. Kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1971, mai faɗin inci 8, daga baya aka yi ta rage girmansa har ya kai inci 3 da rabi, mai ɗaukar megabait 1.44. Hoto guda na wayar salula ta yanzu ya fi ƙarfinsa. Amma a shekarun 1990 a kansa ɗalibai ke ajiye kundin kammala digirinsu, ofisoshi kuma lissafin albashi.

A 1998 kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar iMac babu wurin sa fulofi, sauran kamfanoni suka bi sahu sannu a hankali. Kamfanin Sony, wanda ya fi kowa ƙera faifan, ya daina a 2011.

Hukumomi dai ba su da saurin kasuwa. Rundunar sojin saman Amurka ba ta daina amfani da fulofi mai inci 8 a tsarin aika umurni ga dakarunta na nukiliya ba sai a 2019. A Japan kuwa, sai a 2024 ministan fasahar zamani na lokacin, Taro Kono, ya ba da sanarwar cewa an soke dokoki fiye da dubu da ke wajabta miƙa wa gwamnati takardu a kan fulofi.

Faya-fayan da suka biyo baya ma ba su tsira ba. Faifan CD da mutum ke naɗa da kansa yana ɗauke da wani siririn rini ne da zafi da hasken rana ke kashewa. Filash da memorin waya kuwa suna riƙe bayani ne ta hanyar tsare 'yar wutar lantarki a cikin ƙananan ɗakuna, kuma wutar kan tsiyaye a hankali idan aka bar su shekara da shekaru ba a jona ba. Akasarin ƙananan kwamfutocin da ake sayarwa yanzu ma ba su da wurin sa CD.

Kaset: inda lokaci ya fi ƙurewa

Babu inda matsalar ta fi tsanani kamar a kaset na murya da na bidiyo, domin a kansu aka naɗi mafi yawan abin da duniya ta ji ta kuma gani a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu, aka liƙe shi da wani irin danƙo. Idan danƙon ya sha raɓa sai ya yi laushi, zaren ya riƙa mannewa, garin kuma ya riƙa zubewa a kan na'ura. Ƙwararru kan gasa irin wannan zare a wuta mai sauƙi na tsawon sa'o'i, abin da ke ba su damar juya shi na ɗan lokaci su kwashe abin da ke ciki.

Amma ko zaren na da lafiya, na'urar ce ke neman gagara. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon VHS, ya tsayar da aikin a watan Yulin 2016. Kayan gyara na ƙarewa, masu gyaran kuma na tsufa.

A 2019, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar cibiyoyin adana murya da hotuna ta duniya sun yi gargaɗin cewa daga wajen shekarar 2025 kwashe abin da ke kan kaset zai daina zama aikin yau da kullum, ya koma sai wane da wane. Abin da ya fi damun hukumar shi ne, a kan irin wannan zare ne masu bincike suka naɗi harsuna da waƙoƙi da al'adun al'ummomin da ba su da rubutaccen tarihi mai yawa.

Gargaɗin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A kaset ne muryoyin mawaƙa irin su Alhaji Mamman Shata suka shiga gidaje da motoci, a kaset ne kuma aka yaɗa karatun malamai, ciki har da tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi na masallacin Sultan Bello da ke Kaduna.

Haka nan masana'antar fina-finan Hausa a kan kaset na bidiyo ta tashi. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ne galibi ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka sa a kasuwa ta wannan hanya, kuma an shafe shekaru a haka kafin faifai ya karɓe kasuwar.

Abubuwan da suka yi suna sun sami masu juya su zuwa waya da intanet, ko da yake sau da yawa daga kwafin kwafi aka ɗauko, murya ta dushe, hoto ya yi hazo. Waɗanda ke cikin haɗari su ne waɗanda ba su yi suna ba: hirar da gidan rediyo ya yi da wani dattijo, wasan kwaikwayon talabijin, bikin naɗin sarauta, karatun malamin da almajiransa kaɗai suka naɗa. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga raɓar damina mai kawo fumfuna, duk abokan gabar zaren kaset ne.

Darasi daga hukumar NASA

Ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kaɗai abin ke ci ba. A tsakanin 1966 da 1967, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta aika kumbuna biyar da ake kira Lunar Orbiter domin su ɗauko hotunan duniyar wata, a zaɓi inda 'yan sama jannati za su sauka. An naɗi saƙonnin da suka aiko a kan manyan zarurruka wajen 1,500.

Bayan shekaru ashirin an yi niyyar zubar da su. Wata ma'aikaciyar hukumar mai suna Nancy Evans ce ta tsaya aka bar su, ta kuma nemo wasu tsofaffin injuna ƙirar Ampex da ke iya karanta su, kowanne ya kai girman firji, ta ajiye a garejin gidanta.

Sai a 2008 wasu masu sha'awar abin suka kwashi injunan da zarurrukan zuwa wani tsohon gidan abinci na McDonald's da ke harabar cibiyar NASA a California. Da taimakon tsofaffin ma'aikatan da suka san injunan, suka ciri kayan wannan suka gyara wancan, har suka fito da hotuna masu kyan da ya zarce waɗanda aka nuna wa duniya tun farko.

Zarurrukan saukar ɗan Adam a wata a 1969 ba su yi wannan sa'ar ba. Bayan bincike na shekaru uku, NASA ta bayyana a 2009 cewa bisa dukkan alamu an goge na asalin an sake naɗar wasu bayanai a kansu. Abin da ya rage shi ne kwafin da gidajen talabijin suka watsa, wanda bai kai na asalin kyau ba.

Fayil na nan, amma ba ya buɗuwa

Akwai kuma asarar da ba a gani sai an zo buɗewa. Mutum na iya kwafe fayil daga fulofi zuwa CD, daga CD zuwa filash, ba tare da lamba ɗaya ta ɓace ba, amma manhajar da ta rubuta shi ta mutu. Takardun da aka buga da WordStar a shekarun 1980 na cikin wannan hali, haka ma dubban wasanni da darussan intanet da aka gina da Flash, wadda kamfanin Adobe ya janye wa tallafi a ƙarshen 2020.

Masu rubutun Hausa sun san wani nau'i na wannan matsala. Kafin tsarin Unicode, mai bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, ya zama ruwan dare, mawallafa da yawa kan yi amfani da zubin haruffa na musamman domin samun ɓ da ɗ da ƙ, inda ake aron gurbin wata alama a sa mata harafi mai ƙugiya. Idan aka buɗe irin wannan fayil a kwamfutar da ba ta da zubin, sai ƙugiyoyin su koma wasu alamomi marasa ma'ana.

Ajiya a intanet

Mutane da yawa na ganin tun da hotunansu da takardunsu na kan intanet, to an gama. Gaskiyar ita ce suna cikin kwamfutocin wani kamfani ne, kuma za su zauna a can muddin kamfanin na raye yana kuma so.

A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, dandalin da miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko, sai abin da 'yan sa-kai suka yi gaggawar kwashewa. A 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da jama'a suka ɗora masa a tsawon shekaru fiye da goma sun salwanta a wajen sauya rumbun ajiya, adadin da aka ƙiyasta ya kai miliyan 50. Tun daga watan Disamban 2023 kuma, ƙa'idar kamfanin Google ta ba shi damar goge asusun mutum idan ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Wani nazari da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan intanet da ke akwai a 2013 ba a iya samunsu bayan shekaru goma.

Ga kuma batun lambar sirri. Wasiƙun mamaci da ke cikin akwati magada za su gani, amma abin da ke cikin wayarsa a kulle, ko da takardar fili ce ko lissafin bashi, yana iya tafiya tare da shi.

Me ake yi a kai?

Manyan cibiyoyin adana bayanai sun daina neman faifan da ba ya mutuwa. Abin da suke yi shi ne sauya wa bayanan mazauni a kai a kai, kafin tsohon mazaunin ya rushe.

Akasarinsu na amfani da wani kaset na zamani da ake kira LTO, wanda ake sabunta samfurinsa bayan 'yan shekaru. Har zuwa samfuri na 7, sabuwar na'ura na karanta samfura biyu da suka gabace ta, na 8 da na 9 kuwa ɗaya kawai suke karantawa. Ke nan cibiyar da ta yi sakaci na shekaru goma za ta iya wayar gari da rumbun da ba ta da mabuɗinsa.

A duk lokacin da aka kwafe fayil, akan lissafa masa wata lamba ta musamman mai kama da zanen yatsa. Idan aka sake lissafin daga baya lambar ta sauya, an san wani abu ya taɓu, sai a ɗauko lafiyayyen kwafi daga wani wuri. Shi ya sa yawan kwafi ke da muhimmanci. Shawarar da ƙwararru suka fi bayarwa, ga hukuma ko ga mai gida, ita ce a yi kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma a ajiye shi a wani gari ko wani gini daban.

Ta fuskar manhaja kuma hanyoyi biyu ne. Ko dai a juya fayil zuwa tsarin da kowa ya san sirrinsa, kamar PDF/A da hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da shi a 2005 domin ajiya mai tsawo, ko kuma a bar fayil yadda yake a sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa, kamar yadda aka yi wa faya-fayan Domesday. Juyawa na da sauƙi amma kowane juyi na iya zubar da wani abu. Kwaikwayo na riƙe asali, sai dai yana cin karo da dokokin haƙƙin mallaka, domin manhajar da ake son rayarwa tana da mai ita ko da ya daina sayar da ita.

UNESCO ta amince da wata yarjejeniya kan adana kayan tarihi na kwamfuta tun a 2003, kuma cibiyar Internet Archive da Brewster Kahle ya kafa a Amurka a 1996 na ci gaba da kwafe shafukan intanet. Duk da haka a 2015 Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro intanet, ya yi gargaɗin cewa masu tarihi na gaba za su iya iske wannan zamani a matsayin wani duhu da ba su da labarinsa. Har ma ya shawarci jama'a su wanke hotunan da suke ji da su a kan takarda.

Wannan ba ya nufin takarda ba ta da nata abokan gaba. Gara da gobara da ambaliya sun cinye littattafai ba iyaka, kuma ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce a sa a kwamfuta ya ceci da yawa, ya kuma kai su ga masu karatu a nesa. Amma rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, waɗanda ake samun kwafe-kwafensu na hannu a wurare irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da gidajen malamai, sun kai ga wannan zamani ne saboda takarda na jure a manta da ita shekara hamsin a cikin gafaka. Hoton da aka ɗauka nata ba zai jure haka ba, kuma yana buƙatar wutar lantarki da albashin ma'aikaci da kasafin kuɗi kowace shekara. Kuskure ne babba hukuma ta yi watsi da asali don ta ɗauki hotonsa.

Ana ci gaba da gwada wasu hanyoyin. A 2019 kamfanin Microsoft ya nuna wani ɗan gilashi da ya zana fim ɗin Superman na 1978 a cikinsa da hasken leza, wasu masanan kuma sun yi nasarar ajiye bayanai a cikin ƙwayoyin halitta na DNA. Dukkansu dai na buƙatar na'urar karantawa ta musamman.

A tsibirin Svalbard na ƙasar Norway, kusa da ƙarshen duniya ta arewa, an mayar da wani tsohon ramin haƙar kwal rumbun ajiya a 2017. A 2020 kamfanin GitHub ya kai kwafin ɗimbin manhajojin da ke rumbunsa can, an buga su a kan fim irin na silima, da fatan za su kai shekaru dubu. A jikin fim ɗin an haɗa da bayanin yadda za a warware lambobin, an rubuta shi da haruffa na yau da kullum cikin harsuna da dama, yadda wanda ya tsince shi zai iya karantawa da gilashin ƙara girma da hasken fitila.